Muryar Ƴar Fari a Kasuwar Tattasai

Zan fara da neman afuwa, domin abin ya ɗan jima, kuma ƙwaƙwalwata ba ta ajiye abubuwa a jere. Wani abu nakan gan shi sarai, har launin zanen da mutum ya ɗaura, amma in aka tambaye ni wanne ya riga wanne sai in rikice. Akwai kuma maganganun da ban tabbata ba ko da kunnena na ji su, ko daga baya aka faɗa mini har suka zauna mini kamar nawa. Inda nake shakka zan faɗa.

Na gama karatun shari'a a Damagaram ban samu aiki ba, sai na karɓi koyarwa ta kwantiragi a wata lakwal, wato makarantar firamare, da ke gefen Diffa, daidai inda gidajen ƙasa ke ƙarewa, rumfunan waɗanda suka baro garuruwan bakin kogi ke farawa. Ajina na zana ne. Da hantsi rana takan shigo ta ramukan zanar ta zuba a kan yara ɗigo-ɗigo, sai ka ga kamar zabi ne suka zauna a tabarma. Yaran kowa da harshen gidansu, Barbarci, Fillanci, Larabci, amma in za su yi faɗa ko ciniki da Hausa suke yi.

A shekarata ta biyu, in ban yi kuskure ba, wani kamfani ya zo da furoje, wani shiri na koyar da karatu. Suka kawo tabilet, allon nan na gilashi mai kama da babban talho, wato wayar hannu. Kowane yaro sai an ɗauki hotonsa, sannan ya faɗi sunansa, da sunan mahaifiyarsa, da garin da suka baro, kafin ya karanta ƴan layuka na Faransanci allon ya naɗi muryarsa. Aka ce da haka na'ura za ta gane inda yaro ke tuntuɓe ta gyara masa. Na tambayi saurayin da ya kawo kayan inda muryoyin za su kwana. Ya ce a kulle suke, babu mai jin su sai na'ura. Na sake tambaya washegari, ya sake ba ni amsa guda, yana ɗan murmushi irin wanda ake yi wa mai yawan tambaya.

Abin da ya fi ba yaran wuya ba karatun ba ne, faɗin sunan uwa ne. Yaron kirki ba ya kama sunan mahaifiyarsa a gaban mutane, ballantana a gaban mushe, wato malaminsa. Sai su sunkuyar da kai, su kai baki dab da gilashin su raɗa, numfashinsu ya bar ɗan hazo a kai. Wasu sai an lallashe su. Wani ya ce shi sunan babarsa Ya, iyakar abin da ya sani ke nan, ajin ya fashe da dariya.

A cikinsu akwai wata yarinya Bafillata, siririya, mai wushirya, iyayenta sun baro wani ƙauye ta wajen Geskeru bayan dabbobinsu sun watse. Ba ita ta fi kowa ƙoƙari ba, kada in ƙara mata abin da ba nata ba. Murya gare ta dai mai tsabta, irin wadda ko a bayan aji aka yi ta sai ta iso gaba ba ta zube a hanya ba. Ranar da aka naɗe ta, labarin wata akuya ta karanta. Ta kai tsakiya ta sarƙe a kan wata kalma, ta yi dariya, ta ce, “Mushe, in sake?” Na ce, “Sake.” Duk wannan ya shiga allon.

Furojen bai daɗe ba. Wata rana mota ta zo aka kwashe allunan cikin kwalaye, aka ce kuɗin aiki ya ƙare. Muka koma kan alli.

Wanda bai san Komadugu, kogin nan na gefen Diffa, ba zai yi zaton da damina take cika. Ba haka take ba. Sai ruwan sama ya fara ja da baya sannan take ƙasaita, ruwanta ya taho daga nesa a hankali, yana lallaɓa rairayi kamar mai neman abin da ya yar. A shekarar nan ta wuce iyakarta. Ta shiga gonakin tattasai, ta shiga unguwannin ƙasa, ta zauna. Daga tudu in ka duba sai ka ga kawunan itatuwa suna iyo, da farin balbela a kansu, sama biyu, ɗaya a bisa ɗaya a ƙasa. Kyau gare shi, Allah ya sani, kuma shi ya kawo sauro. Zazzaɓi ya zaga rumfuna. Yarinyar nan tana cikin waɗanda bai bari ba.

Na je gaisuwa. Mahaifiyarta ce ta kawo mini ruwa a kwano, ta durƙusa ta ce, “Sannu Mushe, ka sha rana.” Fuskarta a bushe, kamar rasuwar ta maƙwabta ce ta shigo taya su aiki. Ban yi mamaki ba, domin yarinyar ƴar farinta ce. A wajensu, har a wajenmu ma, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna nata ne a idon jama'a. Kunya ce, kuma kunyar ba ta mutuwa don yaron ya mutu. Matan da ke gefe suna kuka, ita tana tara kwanuka.

Bayan ruwa ya janye, tattasan da ya tsira ya shigo kasuwa. Ban san yadda zan kwatanta wa baƙo wannan lokaci ba. Ja ko'ina, a shanye a ƙasa, a tsibe, a cikin buhuna masu tsawon mutum, iska kanta tana da yaji. Kowa yana atishawa, kowa idonsa na ruwa. Na shiga ne neman mai gyaran talho, nawa ya daina shan caji. Ina cikin tafiya tsakanin buhuna, rana ta take, kaina yana ɗan juyawa, sai na ji ta.

“Mushe, in sake?”

Na tsaya. Sai na ji muryata, ni da kaina, daga wani wuri da ba bakina ba, ta ce, “Sake.” Akuyar ta ci gaba da tafiyarta cikin Faransanci. Na ɗan jima ban san ko ina tsaye a kasuwa ba ne ko ina kwance a ɗaki zazzaɓi ya kama ni.

Daga rumfar mai gyaran talho muryar ke fitowa, wani Badamagare mai fara'a da na sani sama-sama. Allunanmu ne jere a kan teburinsa, har da lambar da muka rubuta musu a baya da fenti.

“A'a, Mushe! Zo ka ga ɗalibanka suna yi mini talla,” in ji shi. “Wallahi sun fi ni iya ciniki.”

Na tambaye shi inda ya same su. Ya ce wani ne ya kawo a kwali ya saya, bai tambayi asali ba, shi ba jandarma ba ne. Har yau ban san ta hannun wa suka fita ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce masa, da dai, in da hali, ya kamata a goge abin da ke ciki kafin a sayar. Ya ce ai masu saye suna son su ji sifika na aiki, kuma duk cikin yaran babu mai fita tar kamar wannan ƴar. Na ce ta rasu. Ya yi salati, ya kife allon, da gaske jikinsa ya yi sanyi. Amma kafin ya gama duba talhona wani mai saye ya zo, hannunsa ya kai kan allon da kansa, kamar yadda ya saba.

Sai da na juya zan tafi na gan ta. Kusa da rumfar akwai shagon wani Alhaji mai sayen tattasai, mata suna zaune a inuwa suna tsince masa, suna cire ruɓaɓɓe. Mahaifiyar yarinyar tana cikinsu, sai dai ita ta jawo buhunta har bakin inuwa, rabin jikinta a rana, ta ɓangaren mai gyara. Wata tsohuwa Babarbariya tana yi mata tsiya irin ta Barebari da Fulani: “Ke Fillo, inuwar ma sai an koya muku? Matso ciki kada ki narke mana.” Ta ce, “Sanyi nake ji, bar ni.” Allon ya fara daga farko. Yarinyar ta faɗi sunanta, ta raɗa sunan uwarta, ta faɗi sunan ƙauyensu. Uwar ba ta ɗaga kai ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin tattasai. Idonta yana zuba, amma a wannan kasuwa idon kowa yana zuba.

Na gaishe ta. Muka yi gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, rana. Can ta ce, tana kallon buhu, “Mushe, wancan abin da ke magana, ba ya gajiya?”

Na ce ana yi masa caji, Inna.

“To abin da ke cikinsa fa, yana tsufa?”

Na ce a iya sanina ba ya tsufa, sai dai in an goge ko allon ya lalace. Ta ce, “Allah mai iko,” ta ci gaba da tsinta. Mai gyaran ya gaya mini daga baya cewa an sha taya wannan allon, ita kuwa duk sa'ad da ciniki ya yi zafi sai ta tashi ta tafi shan ruwa. Ya ce bai san dalilin da ya sa yake tsawwala masa kuɗi ba. Ina jin ya sani.

Kada mai karatu ya ɗauka abin duk taushi ne. Wasu allunan sun riga sun watsu. Hoton ƴar wani ma'aikacin asibiti ya shiga talhon samari a fada, majalisarsu ta hira, suna shan shayi suna kwaikwayon karatunta. Wasu iyaye hankalinsu ya tashi saboda sunan uwa, domin kowa ya san mai son yi wa mutum asiri sunansa da na uwarsa yake nema. Wasu kuma sunan garin da suka baro ne damuwarsu, a lokacin da sunan gari kaɗai kan sa a yi maka wani irin kallo a shingen bincike. Ma'aikacin asibitin nan ne ya kai ƙara Yamai, wajen hukumar da ke kula da irin wannan.

Aka turo wata madan, Bazabarma, doguwa, mai tabarau, Hausarta tana ɗingishi. Darektan lakwal ɗinmu ya ce tunda ni na karanta shari'a ni zan yi tafinta. Daren da za a wayi gari a taru ban ci abinci sosai ba don fargaba, kada in juya wata kalma ba daidai ba in ja wa wani. Aka taru ƙarƙashin dogon yaro a filin lakwal. Madan ta yi bayani, ni ina bi: duk wanda ya tara sunayen yara da hotunansu da muryoyinsu, amana ya ɗauka, in ya bari suka fita, doka na iya yi masa gargaɗi, ta ci shi tara, ta ma hana shi aikin ɗungurungum. Wakilin kamfanin yana zaune a benci, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta ba da haƙuri cikin Faransanci mai kyau.

Wani dattijo manomin tattasai ya ɗaga sanda. “Ɗana, tambayar mana ita, tarar nan wa za a ba?”

Na tambaya. Ta ce baitulmalin gwamnati.

“To! Mu a wajenmu in shanunka suka shiga gonar mutum, mai gona ake biya, ba mai gari ba. Ko muryar jikata ta gwamnati ce?”

Aka yi dariya, har madan, bayan na fassara. Ta ce wanda aka cuta yana iya zuwa kotu neman diyya, wannan hanya ce daban. Dattijon ya ce shi da kotu sai dai a lahira. Sannan ta faɗi abin da ya tsinka mini zuciya. An ba kamfanin umarni ya bi kasuwa ya fanso allunan duka, a goge su a gabanta kafin ta koma. Uba ko uwar da ke son muryar ɗansa sai ya zo ya faɗi sunan yaron, a tabbatar nasa ne, a zuba masa a ɗan katin memori ya tafi da shi. Wanda bai zo ba, an goge ke nan.

Hukuncin daidai ne, har yanzu ina ganin daidai ne. Amma ina fassara shi ina tunanin mace ɗaya. Mijinta ya tafi kiwon dabbobin wani ta wajen Ngelbeli, ba a san ranar dawowarsa ba. Ita kuma a ce ta tsaya gaban baƙuwa da darekta da layin iyaye ta kama sunan ƴar fari, ta ce tata ce, tana so, wannan ba zai yiwu ba.

Na je kasuwa na gaya mata, ina ta kewaye-kewaye, wai ko akwai wani a gidansu da zai so ya zo. Rumfar mai gyara shiru, an riga an kwashe allunan. Ta koma tsakiyar inuwa. Ta ce, “Mushe, ni me ya haɗa ni da wannan? Yaran mutane ne.” Na ce haka ne. Na yi ta tsayuwa kamar akwai sauran magana, babu.

Ranar gogewa an jera allunan a teburin ajin siminti, ajin da ke da ƙofa. Iyaye suna shiga suna fita. Wajen azahar layi ya ƙare. Ta taga na hango Inna a bakin shingen lakwal, zaune da faranti na gyaɗa, ita da ban taɓa ganin tana sayar da gyaɗa ba, kuma ranar babu yara.

Na matsa kusa da madan na fara bayani da Faransanci, ina ta jera sharaɗi: cewa ban san ko doka ta yi tanadi ba, cewa ba ina neman a karya ƙa'ida ba ne, cewa mai yiwuwa ni ne na fahimci abin ba daidai ba. Ta katse ni.

“Ƴar fari ce?”

Na ce e.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ta ce, “Ni ma ta fari ce. Tsohuwata har yau in za ta yi maganata sai ta ce waccan ta Yamai.” Ta tambaye ni ko ni da darekta za mu shaida cewa matar ce uwar. Na ce za mu shaida. Ta sallami wakilin kamfani ya je ya sha iska, ta leƙa ta taga ta ɗaga murya da Hausarta mai ɗingishi: “Mai gyaɗa! Zo taimake ni. Kunnena ya toshe da hanya, ban sani ba ko abin nan yana magana.”

Ta shigo, ta ajiye takalma a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa ta ba teburin gefe. Na nemo allon na danna. Madan ta juya tana duba wasu takardu da na tabbata ta riga ta gama da su. Ni kuma na sa ido a kan taga.

Ɗakin ya cika da muryar. A kasuwa hayaniya takan cinye rabinta, a nan kuwa har numfashinta ana ji, da motsin sauran yara a tabarma, da kukan wata kurciya da ta sauka a kan zanar ajinmu a wancan hantsin, wadda ni ban ma san ta shiga ba. Sai na ga kamar ɗigon ranar nan yana zuba a kan simintin. Akuya ta kai ƙarshen labarinta.

Madan ta ce, ba ta juyo ba, “Yana magana?”

“Ban ji da kyau ba,” in ji Inna.

Na sake dannawa. Da ya ƙare ta ce iska ta kaɗa ƙofa, ba ta ji farkon ba. Na sake. Ban ƙirga sau nawa ba, kuma ba na so in ƙirƙira. Na dai san inuwar dogon yaro ta matsa daga taga zuwa bakin ƙofa. A ƙarshe ta ce, “Yana magana, madan. Lafiyarsa lau.”

Madan ta zuba muryar a kati, ɗan abu kamar farcen yaro, ta ajiye a gefen tebur, ta ce wannan ya yi saura, ko akwai mai so a gidanku. Inna ta dubi katin. Sannan ta ce, “Kakarta ce dai ke yawan tambaya. Tsofaffi, kin san su da rigima.” Ta ɗauka, ta ƙulle a bakin zane, ta ƙulla sau biyu. Ta zuba wa madan gyaɗa a kan takardunta, ta ƙi karɓar komai, ta fita. Madan ta kira wakilin kamfani ya dawo, aka goge allon a gabanmu.

Sai bayan watanni, a bakin wata maƙwabciyarsu, na ji cewa kakannin yarinyar mata duka biyu sun rasu tun kafin su baro ƙauye. Ban sani ba ko Inna ta taɓa sa katin a wani talho. Don ta ji shi sai ta roƙi wani ya sa mata, ya kuma ga fuskarta, saboda haka ina shakka. Da tsaro ya ɗan samu suka koma wajen Geskeru, ban sake ganinta ba.

Kamfanin kuwa, an ce an ci shi tara an kuma dakatar da shi, wasu suka ce gargaɗi kawai aka yi masa. Ban ga takardar hukuncin da idona ba, don haka ba zan tsaya a kan ko ɗaya ba. Haka kuma ban tabbata duk allunan aka samo ba.

Mutane da yawa sun ga wani sashe na wannan al'amari: darektanmu na lokacin, mai gyaran talho, matan shagon Alhaji, madan ɗin Yamai in wannan rubutu ya kai gare ta. Duk wanda ya ga na sa gaba a baya, ko na sa wa wani magana a baki wadda ba tasa ba, don Allah ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan, zan karɓa da godiya in gyara. Abu ɗaya nake roƙo, wanda ya gane matar kada ya kai mata labarin nan, kuma kada ya rubuto mini sunan yarinyar.